Kundin aiki: katin sakamakon da ke sauya kama daga kwamfuta zuwa kwamfuta

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

Shugaban makaranta ya damƙa mini aikin katin sakamako, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: kafin a gama jarrabawar zangon farko, katin kowane ɗalibi ya fito a shafi guda, ko daga kwamfutar wa aka buga shi. Ɓarnar takardar da aka yi a watan Yuli ce ta jawo maganar. Katin wani aji ya fito cif-cif. Na wani ajin kuma gurbin sa hannu da hatimi suka tsallaka shafi na biyu su kaɗai, layi uku a sama, sauran takarda fari fat. A babban jadawalin maki, layin tsaye na ƙarshe, mai nuna matsayin yaro a aji, ya koma wata takarda daban, lambobi zalla babu sunan kowa a gefensu. Malamai suna ta rantsuwa ba su taɓa komai ba, kuma na gaskata su.

Yau na zaga na rubuta abin da kowa yake aiki da shi. Kwamfutar ofis tana da Excel 2016, manhajar jadawali da lissafi ta kamfanin Microsoft, a kan Windows 10. Jami'in jarrabawa yana nan da tsohuwar laftof ɗinsa mai Windows 7 da Excel 2007, kuma ba mai raba shi da ita. Malamar lissafi ta sayi sabuwa mai Microsoft 365, wanda sabon Excel ke cikinsa. Malamin kimiyya mutumin Linux ne, wani tsarin kwamfuta da ba Windows ba, LibreOffice yake buɗewa a madadin Excel. Sauran yawanci a waya suke shigar da maki da manhajar WPS, su turo ta WhatsApp.

Fayil ɗin kansa ya girmi 'yan aji ɗaya namu. Ƙarshen sunansa xls, zubin da Excel ya yi aiki da shi daga 1997 zuwa 2003, kafin xlsx ya zo a 2007. Hannu da hannu ake gadonsa, kowa ya ɗan kankare wani abu ya ƙara wani.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na tattara kwafin da ke hannun kowa a filash ɗaya, na fara da abu mafi sauƙi, wato girman takarda. Nan take rabin rigimar ta bayyana. Wasu kwafin an saita su a kan A4, wasu a kan Letter, takardar da ake amfani da ita a Amurka da Kanada. A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Letter faɗinta kusan 216, tsawonta kusan 279. Wato ta ɗan fi faɗi, amma ta gaza da kusan milimita 18 a tsawo. Katinmu a tsaye yake, saboda haka waɗannan milimita 18 daga ƙasa ake yanke su, daidai inda sa hannu yake. Babban jadawali a kwance yake, shi kuma daga dama ake yanke masa, daidai inda matsayi yake.

Ba wanda ya zauna ya zaɓi Letter da gangan. Laftof ɗin kwance da ake sayowa sukan zo da saitin yankin Amurka, direban firinta, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta, ya bi sahu, sabon fayil ya gaji abin da ya tarar. Rim ɗin da ke cikin kabad ɗinmu kuwa A4 ne, kamar na kowane shago a garin nan.

Wanda yake son gani da idonsa: fayil ɗin xlsx ƙunshi ne irin na zip, wato fayiloli da dama da aka ɗaure wuri ɗaya. Idan ka sauya ƙarshen sunansa zuwa zip ka kwance shi, za ka tarar da rubutun kowane shafi, a ciki akwai wurin da aka rubuta lambar takarda. Lamba 9 ita ce A4, lamba 1 ita ce Letter. Na fi yarda da wannan lambar a kan abin da mai kwamfuta zai gaya mini.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na mayar da kowa A4, na buga gwaji. Katin ofis ya zauna. Na malamar lissafi ya ƙi. Babban jadawalin malamin kimiyya har yanzu yana zubar da layi ɗaya. Don haka na ba wa yinin yau faɗin layukan tsaye, kuma a nan ne ainihin maganar take.

Excel ba ya ajiye faɗin layi da santimita. Yana ajiye shi ne da adadin sifirin da za su iya jeruwa a cikin gidan, sifiri irin na salon haruffan da aka ɗora fayil ɗin a kansa tun asali. Lambar nan 8.43 da kowa ke gani a sabon shafi, ma'anarta ke nan: sifiri takwas da ɗoriya, wanda a allo mai saitin kashi 100 yake zama ɗigo 64. Awo ne irin na taƙi, goman mai dogayen yatsu ba ɗaya take da goman yaro ba. Sauya salon haruffan asali, ko ka buɗe fayil a kwamfutar da ba ta da salon, sai faɗin kowane layi ya motsa ko da lambar da ke rubuce ba ta canza ba. Motsin ƙanƙane ne, ido ba ya kama shi a layi ɗaya. Amma babban jadawalinmu layukan tsaye sun haura talatin, kowane darasi da gwaji da jarrabawa da jimla. Rabin milimita sau talatin ya zama santimita ɗaya da rabi, kuma wanda ya zana jadawalin tun farko ya cika shi maƙil har bakin takarda, bai bar ko wurin numfashi ba.

Salon asalin kuma ya sauya sau biyu a tsawon rayuwar fayil ɗinmu. Excel 2003 da Arial mai girman 10 yake farawa. Daga 2007 aka koma Calibri mai girman 11. Daga 2023 Microsoft 365 ya fara komawa Aptos, a Excel kuma siririnsa, Aptos Narrow. Malamar lissafi ta kwafe katin ta zuba a sabon fayil a laftof ɗinta, don haka nata a kan Aptos yake tsaye. Da aka buɗe shi a ofis, inda babu Aptos, sai kwamfuta ta ara masa wani salon, gidajen jimla suka cika da ####, alamar da Excel ke nunawa idan lamba ta fi gidanta faɗi.

LibreOffice shi da santimita ko inci yake awo, kai tsaye. Idan ya buɗe xlsx dole ya juya lissafin sifiri zuwa santimita, kuma da salon da ya samu a kwamfutar zai juya. Laftof ɗin malamin kimiyya ba ta da Calibri, ba ta kuma da Carlito, salon kyauta da aka ƙera faɗin haruffansa daidai da na Calibri. Mun saka Carlito, layin da ke zuba ya dawo gida. Ya dube ni ya ce, “Malam, ashe shekara guda ina zargin firinta a banza.”

Ni dai ban ga mai laifi a cikin manhajojin nan ba. Kowace tana bin ƙa'idar awonta daidai. Mu ne muka ɗauka fayil yana tafe da kamanninsa duk inda ya je, alhali abin da yake ɗauke da shi umarni ne, kowace kwamfuta tana aiwatarwa da kayan da take da su.

Talata, 11 ga Nuwamba

Tsawon layukan kwance. A fayil mai Arial 10 tsawon layi 12.75 ne a ma'aunin haruffa, wanda 72 ɗinsa ke yin inci ɗaya, a mai Calibri 11 kuma 15. Idan mutum ya zaɓi gidaje ya kwafa ya liƙa a sabon fayil, rubutu da launi suna biyo shi, amma faɗi da tsawon layuka ba sa biyowa, na sabon gidan ake ɗauka. Katinmu layi 45 ne. Bambancin 2.25 sau 45 ya kai kusan santimita uku da rabi. Sabon Excel ya ɗan rage tazarar gefe, sama da ƙasa daga inci ɗaya zuwa 0.75, amma abin da aka samu a nan bai kai santimita ɗaya da rabi ba, bai biya bashin ba.

Yawancin kwafin da suka lalace ta wannan hanyar aka haife su. Malami ya ga saman allo an rubuta masa cewa fayil na tsohon zubi ne, sai ya buɗe sabo ya juye.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Abin da ya fi ɗaure mini kai ya warware. Fayil ɗaya, kwamfuta ɗaya, da safe shafi guda, da yamma biyu. Excel yana tambayar direban firintar da aka naɗa a matsayin ta farko kafin ya yanke inda shafi zai ƙare, kuma kowace firinta tana da iyakar bakin takardar da ba ta iya kaiwa. Windows 10 kuma yana da saitin da ke mayar da firintar da aka yi amfani da ita a ƙarshe ta zama ta farko. Akawu ya buga rasit a ƙaramar firintar kuɗin makaranta da rana, shi ke nan lissafin shafi ya koma kanta. Na kashe saitin.

An ɗauke wuta kafin in gwada sauran, janareta kuma sai ranar da ake jarrabawa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na yanke shawara na daina ɗinkin faci. Tun Asabar nake gina sabon fayil daga tushe, a zubin xlsx, a Excel 2007 na jami'in jarrabawa, don abin da tsohon ya iya buɗewa sabon ma zai buɗe. Da farko bai so ba ni laftof ɗin ba. “Yaro, kada ka taɓa mini komai a ciki,” in ji shi. Na ce, “Baba, a gabanka zan yi.” A gabansa kuwa nake yi, yana shan shayi yana gyara mini sunayen darussa.

Kafin in rubuta ko harafi ɗaya na saita salon asali ya zama Arial 10. Ba don kyau ba, Calibri ya fi shi daɗin kallo a ganina. Dalili shi ne Arial yana kan Windows 7 da 10 da 11, a Linux kuma akwai Liberation Sans, wanda faɗin haruffansa ɗaya ne da na Arial. Kowane layin kwance na ba shi tsawo da hannu, ban bar wa manhaja ta zaɓa ba. Na kuma bar sarari da gangan: kusan santimita biyu a ƙasan kati, ɗaya da rabi a dama. Shugaban makaranta ya leƙo ya ce katin ya yi kamar bai cika ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan farin shi ne zai hana hatiminka tafiya shafi na biyu.” Ya yi dariya ya wuce, ban dai tabbata ya gamsu ba.

Ƙananan abubuwa uku sun ci mini lokaci fiye da manyan.

Gidan jawabin malamin aji gidaje ne da aka haɗe suka zama ɗaya, kuma Excel ba ya ƙara wa haɗaɗɗen gida tsawo da kansa idan rubutu ya yi yawa. Mai gajeren jawabi, “Ya ƙara ƙoƙari”, ba shi da matsala. Mai dogon wa'azi kuwa rabin maganarsa ɓoyewa take yi, sai ya ja layin ƙasa da hannu, kati ya tsawaita. Na ba gidan tsawon layi uku, na sa masa iyakar haruffa 120. Wanda ya liƙo rubutu daga wani wuri zai iya tsallake iyakar, wannan sai dai a faɗa da baki.

Tambarin makaranta a wasu kwafin ya zama kamar an zauna a kansa, da'ira ta koma ƙwai. Saitin hoton ne: an bar shi yana miƙewa tare da gidajen da ke ƙarƙashinsa. Na mayar da shi ya riƙa matsawa ba tare da sauya girma ba.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Kan katin an rubuta shi da wani salon ado da wani ya sauko da shi tun tuni, kuma salon ba shi da Ɗ da Ƙ. A kalmar Ɗabi'a sai kwamfuta ta aro harafin farko daga wani salon, ya fito ya fi 'yan'uwansa tsayi, wani lokacin ya ɗaga layin gaba ɗaya. A kwamfutar da ba ta da salon adon ma duk kan katin ne ke sauyawa. Haka alamar ₦ a gurbin kuɗin zango mai zuwa. Na cire adon. Na rubuta ɓ ɗ ƙ ƴ da manyansu da alamar naira a layi ɗaya, na buɗe a kowace kwamfuta, duk sun fito lafiya.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Gwaji bayan an sauko daga masallaci. Katin ya fito shafi guda a Excel 2007 da 2016 da 365 da LibreOffice. Da na ɗora takardun a kan juna na ɗaga su saitin taga, layukan ba su hau kan juna daidai ba, akwai gocewar da ta kai milimita biyu zuwa uku a ƙasa. Ban damu ba. Iyayen yara ba za su ɗaga kati saitin taga ba.

An tambaye ni me ya sa tun farko ban danna zaɓin nan na matse komai ya shiga shafi ɗaya ba, in huta. Na sa shi a katin, amma a matsayin mai tsaron baya. Idan shi kaɗai aka dogara da shi, kowace kwamfuta za ta matse da nata kason, katin wani aji ya fito da manyan haruffa, na wani da ƙanana, kuma ba ya gyara #### ko jawabin da ya ɓoye. A babban jadawali kuwa ya fi haɗari. Microsoft da kansu sun rubuta cewa Excel yana yin watsi da wuraren yanke shafi da mutum ya sa da hannu idan aka zaɓi matsewar. Jadawali mai layi talatin da wani abu idan aka tura shi cikin A4 guda, sai an nemo tabarau.

Malamin kimiyya ya nuna mini wani abu a nasa ɓangaren. Sabon fayil a LibreOffice yakan zo da sunan shafi a sama da lambar shafi a ƙasa tun daga farko, su ma suna cin wuri. Wannan ya bayyana wani tsohon kati da na gani da “Sheet1” a samansa kamar sunan makaranta. Tunda yanzu daga fayil ɗina zai fara, ba zai sake faruwa ba.

Laftof ɗin malamar lissafi allonta a kan kashi 150 yake, na ofis a kan 100. Idan ta ja faɗin layi da hannu, lambar da ke fitowa takan zo da ɗan gutsure daban, saboda ana daidaita ta da ɗigon allo. Maganin wannan kulle shafin katin ne, kuma na kulle.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Waya ta ƙi shiga tsari, kuma na daina matsa mata. Android ba ya zuwa da Arial ko Calibri, abin da malami ke gani a tafin hannunsa ba shi ne zai fito a takarda ba, kuma babu dalilin da zai sa katin da za a buga ya bi ta waya ya dawo. Na raba aikin biyu. Malamai za su karɓi fayil na maki zalla: suna, gwaji, jarrabawa, babu tambari, babu haɗaɗɗen gida, babu abin da zai lalace. Su cika a waya ko a duk abin da suka ga dama. A ofis za a zuba makin a babban fayil, kati ya ɗebo daga can.

Wannan ya ɗan kauce wa sharaɗin shugaban makaranta, don ya ce ko daga kwamfutar wa. Na je na same shi. Na ce katin yanzu yana fitowa daidai a kwamfutoci huɗu, amma shawarata a riƙa fitar da shi PDF daga ofis, saboda PDF yana tafiya da haruffansa a cikinsa, shafinsa kuma a yanke yake tun daga gida. Excel 2007 ma yana iya fitarwa, tun sabuntawar da aka yi masa a 2009. Ya ce, “To, idan tawada ta ƙare mana ranar rabon kati fa, kamar bara?” Na ce ai a nan ne ma PDF ya fi amfani, a kai shagon kwamfuta a buga.

Don in tabbatar, na kai gwaji shagon da ke bakin titi. Yaron shagon ya buɗe, ya danna bugawa, katin ya fito ya ɗan tsuke, fari ya ƙaru a gefe. Manhajar karanta PDF ɗinsa tana kan zaɓin daidaita shafi da takarda, direban firintarsa kuma a kan Letter, alhali A4 ce a cikin tiren. Na nuna masa inda zai mayar da ita A4 ya kuma zaɓi ainihin girma. Ya ce, “Yallaɓai, shi ya sa kullum fom ɗin mutane ke fitowa da gefe ɗaya ya fi faɗi?” Bugu na biyu ya fito daidai da na ofis. Na rubuta waɗannan saiti biyu a ɗan ƙyallen takarda na manna a jikin filash ɗin makaranta.

Litinin, 1 ga Disamba

Kati ya kammala, an kulle, an ajiye kwafi a ofis da wajen jami'in jarrabawa. Fayilolin maki sun tafi wajen malamai tun Juma'a, biyu sun riga sun dawo. Ɗaya ya ƙara layi a tsakiya don sabon ɗalibi, lissafin bai karye ba.

Babban jadawali ne bai zauna ba. A girman da ido zai iya karantawa ba ya shiga A4 ɗaya a kwance, ko da na rage kan layukan zuwa gajerun sunaye na juya su a tsaye. Hanya biyu ce. Ko a buga shi a A3, milimita 297 da 420, wanda firintarmu ba ta ɗauka, sai an fita waje kowane zango. Ko a raba shi shafi biyu na A4, a sa layin sunaye ya maimaitu a hagun kowane shafi, don kada matsayi ya sake fitowa babu mai shi. Na gwada maimaita sunayen a Excel da LibreOffice, duka sun riƙe. Ni na fi son ta biyu. Jami'in jarrabawa ya fi son A3, don ya saba shimfiɗa takarda ɗaya a tebur ya bi da rula, kuma shi ne mai amfani da ita, ba ni ba.

Akwai kuma maganar kwamfutar ofis. Tun 14 ga Oktoba Microsoft suka daina tallafa wa Windows 10 da Office 2016, kuma mai makarantar ya fara zancen sayen sabuwa bayan hutu. Idan ta zo, da Aptos za ta fara kowane sabon fayil, wataƙila kuma da Letter. Na ƙara shafi a cikin fayil ɗin na rubuta salon haruffa, girman takarda, tazarar gefe da faɗin kowane layi, don wanda zai zauna a kujerar ya san abin da zai duba.

Ranar Laraba zan buga jadawalin aji uku ta hanyoyin biyu in kai wa Baba ya zaɓa. Kafin nan sai na tambayi shagon nawa suke buga A3, in kuma duba ko direbansu ya san da ita.